Tambayi Likita: Fitsarin da ke kuɓucewa idan an yi tari, da aikin da ake yi masa

Wasiƙu uku ne suka taru mana a kan magana ɗaya, biyu daga jihar Kebbi, ɗaya daga Zamfara, don haka muka ba su filin wannan wata gaba ɗayansa. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 47, haihuwata 8, autana yana da shekara 9. Sana'ata gumin shinkafa. Tun bayan haihuwata ta shida, idan na yi tari ko atishawa ko dariya mai ƙarfi, ko na ɗaga tukunyar gumi daga murhu, sai fitsari ya kuɓuce mini ba tare da na ji shi ba. Da dare ba na jiƙa shimfiɗa. Yanzu kullum cikin ƙunzugu nake kamar mai al'ada, na daina zama cikin mata a gidan biki, alwala kuma ta zama mini wahala. Maƙwabciyata ta ce yoyon fitsari ne in tafi Gesse, yayata ta ce girma ne kawai in haƙura. Na ji an ce ana yin aiki. Wane irin aiki ne, kuma ana warkewa? Daga wata baiwar Allah, Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Maƙwabciyarki da yayarki duk sun yi miki magana da kyakkyawar niyya, amma bisa abin da kika bayyana, babu wadda ta dace a cikinsu. Abin da muke kira yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi, huda ce tsakanin mafitsara da gaban mace, galibi sakamakon doguwar naƙuda, kuma mai ita fitsari yana zubo mata dare da rana, tana kwance ko tana tsaye, ko ta yi tari ko ba ta yi ba. Ke kuwa kin ce kina kwana a bushe. Wannan jimla ita ce mafi amfani a wasiƙarki, domin tana nuna cewa mafitsararki ba ta huje ba, ƙofarta ce ta saki.

Ga yadda abin yake. Daga mafitsara akwai ɗan gajeren bututu, tsawonsa a mace bai wuce santimita 4 ba, wanda fitsari ke bi ya fita. A ƙarƙashin bututun akwai tsoka da jijiyoyi da suka tallabe shi, kamar yadda majanyi ke tallabe goyo. Idan mace ta yi tari, nauyin ciki yana dannowa ƙasa, sai bututun ya matsu a kan wannan majanyi ya rufe. Ciki bayan ciki, da naƙuda bayan naƙuda, suna sassauta majanyin, sannan ƙiba da tari mai daɗewa da taurin bayan gida da ɗaukar kaya masu nauyi su ƙara masa, ɗaukewar al'ada kuma ta zo ta rage ƙwarin naman wurin. Daga nan duk lokacin da ciki ya danno, bututun ba ya samun abin jingina, sai ya buɗe. Haihuwa 8 da tukunyar gumi sun isa su bayyana halin da kike ciki.

Akwai kuma wani nau'i na uku da ya kamata a bambance, wato mace ta ji fitsari ya matso ta farat ɗaya, kafin ta kai bayi ya zubo. Wannan mafitsara ce ke matsawa ba da izini ba, kuma maganinsa horar da mafitsara ne da ƙwayoyi. Aikin da za mu yi bayani ba ya gyara shi, wani lokaci ma yana ƙara shi. Mata da yawa suna da wannan nau'i da na kuɓucewa lokacin tari a haɗe. Shi ya sa ba a yanke hukuncin tiyata daga wasiƙa. Likitan mata zai buƙaci ki zo da fitsari a mararki, ya sa ki yi tari ya ga fitarsa da idonsa, ya duba ko mahaifa ko mafitsara ta zazzago, a gwada fitsari don ciwon sanyi, a gwada suga, a kuma auna abin da ya rage a mafitsara bayan kin gama fitsari. Idan ana shakkar huda, akan zuba ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara ta roba a ga ko zai ɓullo ta gaba. Zai taimaka ƙwarai idan kika samu ɗiyarki ta rubuta miki na kwana 3 sau nawa kika sha ruwa, sau nawa kika zaga, da abin da kike yi duk lokacin da ya kuɓuce.

Kafin wuƙa akwai motsa tsokar wurin, wanda wani likitan Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana a 1948. Ki matse ƙasanki kamar kina hana iska fita a cikin mutane, ki riƙe na ɗan lokaci, ki saki, ba tare da kin riƙe numfashi ko kin matse cinyoyi ba. A ƙalla sau 8 a zama ɗaya, zama 3 a yini, har wata 3 ba fashi. Nakan ce wa mata su ɗaura shi a kan abin da ba sa mantawa: bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i. Yawancin waɗanda ke ce mini sun gwada bai yi ba, idan na bincika sai in tarar mako biyu suka yi, ko kuma yunƙuri suke yi maimakon matsewa, don haka ki nemi ma'aikaciyar jinya ta duba ta tabbatar tsokar da ta dace kike kamawa. Idan kina da jiki, rage nauyi ma magani ne: a wani bincike da aka buga a Amurka a 2009, matan da suka rage kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsu sun ga kuɓucewar ta ragu da kusan rabi. Hayaƙin murhun gumi kuma, idan shi ke sa ki tari, yana cikin ciwon.

To, idan an yi wannan duka kuma har yanzu ƙunzugu bai rabu da ke ba, sai maganar aiki. Duk ayyukan manufarsu ɗaya ce, a mayar wa bututun fitsari abin jingina, amma hanyoyin sun bambanta, kuma kowace da nata sharrin.

Na farko shi ne wanda likitan Amurka John Burch ya bayyana a 1961, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Ana yanka a ƙasan mara, kusa da inda ake yankan fiɗar jariri, a bi ta bayan ƙashin mara, a sa ɗinki biyu ko uku a kowane gefe na wuyan mafitsara, a ɗaga naman gaban a rataye shi a wata jijiya mai ƙarfi da ke jikin ƙashin ƙugu. Ba a barin komai a jiki sai zare. A shekarar farko mata 8 zuwa 9 cikin 10 sukan bushe, bayan shekara 5 kuma kimanin 7 cikin 10 ne ke nan a bushe. Illarsa ita ce aikin ciki ne, akwai kwanciyar asibiti ta 'yan kwanaki, kuma da yake an ja bangon gaba sama, wasu matan daga baya bangon baya yakan zazzago musu. Ana iya yin sa da na'urar leƙa ciki ta ƙananan huji, inda akwai kayan da gwanin.

Na biyu shi ne a yi wa mace majanyi daga jikinta. Akwai wani farin tantani mai ƙarfi da ya lulluɓe tsokar ciki, akwai irinsa a gefen cinya. Likita yana yanko siririn ƙyalle daga ɗayansu, ya ratsa da shi ƙarƙashin bututun fitsari ta ɗan yanka a gaba, ya ɗaure bakunansa a sama ta mara. An gwada wannan da aikin Burch a kan mata 655 a Amurka, aka buga sakamakon a 2007: bayan shekara 2, kashi 66 cikin 100 na masu majanyi sun rabu da kuɓucewar lokacin tari, masu Burch kuwa kashi 49. Kada alƙaluman su tsorata ki, ma'aunin da aka yi amfani da shi a binciken mai tsanani ne, ɗigo kaɗan ma ana lissafa shi a rashin nasara. Sai dai majanyin yana da nasa farashin, domin masu shi sun fi samun ciwon sanyin mafitsara da wahalar fitar da fitsari. Idan aka ɗaure shi ya yi tsauri, macen da ta zo da kukan fitsari ba ya tsayawa sai ta koma kukan ba ya fita, har ta yi makonni da roba, wata ma sai an koma an sassauta.

Na uku shi ne wanda ya mamaye duniya, wato a yi majanyin da siririyar raga ta roba mai faɗin kamar yatsa. Likitan Suwidin Ulf Ulmsten ne ya fito da shi a 1996, ana ratsa ragar ta bayan ƙashin mara, kuma a katin asibiti za ki ga an rubuta TVT. A 2001 wani likitan Faransa mai suna Delorme ya kawo hanyar fito da ita ta matsematsi, wadda ake rubuta TOT. Aikin bai fi rabin awa ba, ana iya yin sa da allurar baya, mace takan koma gida a ranar ko washegari, kuma kimanin 8 cikin 10 suna samun biyan bukata. Ta bayan ƙashin mara an fi samun allurar ta soki mafitsara, shi ya sa ake leƙa mafitsarar da na'ura kafin a tashi daga aikin. Ta matsematsi kuma an fi samun ciwon cinya. Babbar maganar ita ce raga baƙuwa ce a jiki kuma zaman dindindin ta zo yi. A mata ƙalilan, kamar 2 cikin 100, takan ci nama ta ɓullo cikin gaba, ta jawo zubar ruwa ko jini ko zafi lokacin kwanciyar aure, har miji ya ji tana sukarsa. Wasu sun samu ciwo mai daɗewa, kuma cire ragar da nama ya riga ya saƙe a cikinta aiki ne mai wuya ƙwarai. Koke-koken mata ne ya sa Ingila ta dakatar da amfani da ita a watan Yulin 2018, sai a yanayi na musamman. Amurka kuwa a 2019 ragar gyaran zazzagowar gaba ta hana sayarwa, ta bar wannan siririyar ta fitsari, kuma har yanzu ana sa ta a can da ƙasashe da yawa. Na faɗi wannan ne domin mutane suna haɗa biyun a waya su tsorata juna.

Akwai na huɗu, wanda ba yanka ba ne, allura ce. Ana tura wani abu mai kauri cikin bangon bututun fitsari don ya kumbura bakin ya haɗe. Yana da sauƙi, ya dace da tsohuwa ko mai ciwon da ba za ta jure tiyata ba, amma nasararsa ba ta kai ta sauran ba, yakan buƙaci maimaici, kuma ba a cika samunsa a yankinmu ba. Sannan akwai tsohon aikin tattare bangon gaba da ɗinki, wanda ya samo asali daga likitan Amurka Howard Kelly tun 1913. Yana da amfani idan mafitsara ta zazzago, amma a matsayin maganin kuɓucewar fitsari shi kaɗai ba ya daɗewa, don haka idan shi aka ce za a yi miki, ki tambayi dalili.

Tunda kin tambaye ni, ga ra'ayina. Ragar roba aiki ne mai kyau a hannun wanda ya saba, ga macen da za ta iya komawa wurin wanda ya sa mata duk lokacin da ta ga abin da ba ta gane ba, ko bayan shekara 5 ne. Mu kuwa mun san yadda likitoci ke sauya wurin aiki, da yadda kati ke ɓacewa, da yadda mace ke haƙuri da ciwo shekara da shekaru kafin ta nemi kuɗin mota. Saboda haka ga mace irinki na fi karkata ga aikin Burch ko majanyi daga jikinki, ko da jinyarsu ta fi tsawo. Amma aikin da likitanki ya fi ƙwarewa a kai ya fi wanda ni na fi so a takarda. Ki tambaye shi kai tsaye, ba rashin kunya ba ne: wanne zai yi, sau nawa ya yi shi, zai bar wani abu a jikinki ko a'a, me za a yi idan fitsari ya ƙi fita, kuma nawa ne kuɗin gaba ɗaya. Ki fara da sashen mata na babban asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi ko asibitin Sir Yahaya, idan ya cancanta su tura ki asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wanda daga Argungu ba nisa ba ne. Ko wanne aka yi, akwai mako 6 na hutu daga ɗaukar nauyi da kwanciyar aure. Wannan yana nufin ba tukunya, ba buhu, ba guga, ba turmi. Ki shirya wadda za ta riƙe miki sana'a tun kafin ranar, kuma idan da hali kada ki sa aikin a tsakiyar kakar shinkafa, domin na san ba za ki zauna ba.

Batun alwala kuma, malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan lalura kuma sun yi mata sauƙi gwargwadon yawan zuwanta. Ki bayyana wa malama ko malamin da kika amince da shi sau nawa abin ke samunki a yini, zai faɗa miki hukuncin da ya dace da ke.

TAMBAYA: Likita, matata ta samu yoyon fitsari a haihuwarta ta fari, jaririn bai zo da rai ba. An yi mata aiki wata 4 da suka wuce, aka ce hudar ta rufe. Yanzu idan tana kwance lafiya lau, amma da ta miƙe ta fara tafiya sai ta jiƙe. Danginta sun ce aikin bai yi ba. Mu sake kai ta a yi wani? Daga wani magidanci, Talata Mafara.

AMSA: Malam, Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka maka da tsayawa da ka yi a kanta. Mai yiwuwa ne likitocin da dangin duk gaskiya suke faɗa. Hudar tana iya rufewa sarai amma mace ta ci gaba da jiƙewa, kuma wannan sanannen abu ne ga duk mai aikin yoyon fitsari. Kan jaririn da ya daɗe a ƙugu ba huda kawai yake yi ba, yakan cinye wani sashe na bututun fitsari da tsokar da ke rufe shi, ya bar tabo mai tauri, mafitsarar kuma da ta yi watanni ba ta tara komai ba takan tsuke. An toshe ɓular tulu, amma bakinsa ba marfi.

Abin yi na farko shi ne ku koma inda aka yi aikin a ranar da suka ba ku, da katinta, a sake gwajin ruwan shuɗi, domin wani lokaci 'yar ƙaramar huda ce ta rage a gefe, kuma gyaranta daban ne. Idan an tabbatar ta bututun yake fita, akan jira kamar wata 6 daga aikin farko, saboda wasu suna samun sauƙi yayin da nama ke laushi, mafitsara kuma ke sake koyon tara fitsari. A wannan tsakani ta riƙa motsa tsokar da na bayyana a sama, ta riƙa zagawa a kan lokaci tana ƙara tazara a hankali. Kada ta rage shan ruwa. Kusan duk mai wannan lalura tana yin haka don ta rage jiƙewa, sai fitsarin ya yi kauri da wari, ya ci fata, ya jawo ciwon sanyi da tsakuwa a mafitsara.

Idan lokacin ya cika ba sauyi, akwai aiki na biyu, amma a nan kusan kullum da naman jikinta ake yi: a ƙara wa bututun tsawo da ƙarfi, a tallabe shi da tsokar gefen gaba ko da tantanin ciki. Ragar roba ba ta dace da wurin da ya yi tabo kuma jini bai wadace shi ba, don ta fi saurin cin nama a can. Wannan aiki ne na gwanayen yoyon fitsari, ba na kowane mai tiyata ba. Akwai cibiya a Gusau a asibitin Farida, akwai ta Maryam Abacha a Sakkwato, akwai kuma babbar cibiyar ƙasa ta Babbar Ruga a Katsina, inda likitan Holan Kees Waaldijk ya yi aiki tun shekarun 1980 ya horar da likitoci da yawa. Ba zan ɓoye maka ba, nasarar aiki na biyu ba ta kai ta macen da ba ta taɓa samun huda ba, kuma kowane ƙarin yanka yana ƙara tabo, don haka kada gaggawar dangi ta sa a yi ta yawo da ita daga hannu zuwa hannu. Ku kiyaye wa'adin da aka ba ku na nisantar kwanciya, kuma duk cikin da Allah Ya kawo nan gaba, awo tun da wuri, haihuwa ta fiɗa a asibiti kafin naƙuda ta kankama.

TAMBAYA: Shekarata 28, malamar firamare ce, 'ya'yana 2, ƙaramar wata 5. Tun da na haihu, idan na ɗaga murya a aji ko na yi atishawa sai in ji ɗigo. Ina so a yi mini aikin in huta, amma ina son ƙarin haihuwa. Daga wata malama, Yawuri.

AMSA: Malama, ki ajiye maganar aiki tukuna. Wata 5 bayan haihuwa jiki bai gama komawa ba, kuma mata da yawa abin yana raguwa ko ya tafi cikin shekarar farko, musamman masu motsa tsokar da gaske. Ciki da naƙuda na gaba suna iya warware duk abin da aka ɗinka, shi ya sa ake jinkirta waɗannan ayyuka har mace ta gama haihuwa. Akwai wani zobe na roba mai laushi da ake sa wa a gaba ya tallabe bututun, ana cirewa a wanke a mayar. Ki tambayi likitan mata ko za a samu girman da ya dace da ke, ki riƙa sa shi a ranakun aiki. Ki koyi matsewa daidai lokacin da kika ji atishawa na tahowa, ki rage shayi mai ƙarfi da lemon kwalba da safe, ki zaga kafin ki shiga aji, ki ba da tazara kafin ciki na gaba. Idan yarinyar ta shekara kuma ɗigon yana nan ko ya ƙaru, ko kika ji wani abu yana saukowa a gabanki, ki je a duba ki, ki tafi da rubutun kwana 3 ɗin nan a jakarki.